Ina Karanta Jogirafi, Babana Ya Ce Me Za A Kira Ni Idan Na Gama?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

  

Yau shirin namu amsar saƙo ne. Wani ƙanenmu ne ya turo, ya roƙa kada a ambaci sunansa, kuma ba za mu ambata ba. Ya ce yana aji biyu a jami'a. Likitanci ya nema, sau biyu yana zana JAMB makin bai kai ba, a ƙarshe aka ba shi jogirafi, wato ilimin labarin ƙasa. Da ya shiga sai ya ga darussan da suka shafi mutane suna burge shi, irin su yawan jama'a, ƙaura, birane da kasuwanni. Amma da ya je hutu, mahaifinsa ya zaunar da shi ya ce, "Wai kai in ka gama karatun nan me za a kira ka? Ɗan wane likita za a ce masa, ɗan wane lauya. Kai fa?" Ya ce wallahi ya rasa amsa. Yanzu yana tunanin ya watsar da shekara biyun nan, ya koma ya sake JAMB karo na uku.

To ƙanena, da farko kada ka ji haushin tambayar Baba. Shi ke biyan kuɗin makaranta, yana da haƙƙin ya san inda kuɗinsa suka dosa. Ni ma karatun da na yi ke nan, ni ma an yi mini tambayar, kuma ni ma a lokacin shiru na yi ina sosa ƙeya. Bari mu bi ta a hankali.

Jogirafi gida biyu ne. Akwai ɓangaren halittar ƙasa: duwatsu, koguna, ruwan sama, iska, irin turɓaya. Akwai kuma ɓangaren da ya burge ka, wanda ya shafi mutane da wuraren zamansu. Shi wannan na biyun kusan tambaya ɗaya yake ta maimaitawa: me ya sa abu kaza yake nan, ba can ba, kuma wa ya samu, wa ya rasa saboda inda yake zaune? Me ya sa wata unguwa duk damina sai ruwa ya ci ta, maƙwabciyarta kuwa lafiya lau? Me ya sa mai naƙuda a wani ƙauye za ta yi tafiyar awa biyu kafin ta ga asibiti, alhali a wani gari asibitoci biyu ne ke kallon juna?

Bari in ba ka misali da abin da muka sani. An gama madatsar ruwan Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ruwan ya amfani Kano, an samu noman rani, an samu ruwan sha. Amma kogin ai bai tsaya a Kano ba, yana gangarawa Haɗeja, Nguru, har Gashuwa. Can akwai manoman shinkafa da masunta da makiyaya waɗanda rayuwarsu ta ginu a kan ambaliyar da ke zuwa duk shekara ta ja baya. Da aka tare ruwan a sama, ambaliyar ta ragu, lokacinta ya sauya, kachalla ta cika hanyoyin ruwa, janbaki ya samu wurin ɓuya yana cinye amfanin gona. Injiniya ya yi aikinsa, dam ta tsaya da ƙafarta. To wa zai je ya ƙirga gidajen da abin ya shafa, ya zana inda suke, ya ji ta bakin manomi da masunci da Bafulatani, ya kawo wa hukuma a rubuce yadda za a raba sakin ruwan? Wannan shi ne aikin mai karatunka.

Kuma kada wani ya ce maka ilimin nan baƙo ne a wurinmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a littafinsa Infaƙul Maisur ya yi bayanin ƙasashen wannan yanki da mutanensu. Da Bature Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, a fadar Bello aka zana masa taswirar da ke nuna yadda kogin Kwara ke tafiya, ya tafi da ita Ingila aka buga. Madugun fatake da ya san zango nawa ne daga Kano zuwa Gwanja, inda rijiya take, inda ake biyan fito, shi ma wannan ilimin ne a kansa, sai dai bai rubuta ba.

A zamaninmu zan ambata maka mutum biyu, ka je ka nemi labarinsu. Na farko Farfesa Akin Mabogunje. A Kano aka haife shi a 1931, ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya rubuta littafi kan bunƙasar birane a Najeriya a 1968. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar mayar da babban birni Abuja a 1976, yana cikin masanan da aka ɗora wa nazarin yankin da mutanen da ke cikinsa. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana jogirafi ta duniya, kuma a 2017 aka ba shi kyautar Vautrin Lud, wadda ita ce mafi girma a fannin. Ya rasu a 2022.

Na biyu Michael Mortimore, ɗan Ingila ne, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sannan a Jami'ar Bayero a Kano. A lokacinsa masana da yawa sun yi amanna cewa in mutane suka yi yawa a ƙasa mai ƙarancin ruwa, dole ƙasar ta mutu. Shi sai ya shiga ƙauyukan kewayen Kano yana aunawa, yana tambaya. Ya ga manomi yana noma gona ɗaya duk shekara ba hutu, amma yana kai mata taki a kan jaki, yana barin gawo da ɗorawa a cikinta, yana haɗa noma da kiwo. Bayan farin shekarun 1972 zuwa 1974 ya yi shekaru yana komawa ƙauyen Dagaceri, wanda ke Jigawa a yanzu, yana bibiyar yadda mutane suka rayu, har da rawar da cin rani ya taka. Aikinsa ya sa masu tsara manufofi da dama sun daina kallon ƙaramin manomin Sahel a matsayin mai lalata ƙasa. Irin haka ta faru a Nijar. Da aka gwada hotunan sama na da da na yanzu, aka kuma je gonakin Maraɗi da Damagaram, sai aka gano manoma sun raya itatuwa a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5, ta hanyar barin tohon da ke fitowa da kansa. Abin yana faruwa shekara da shekaru, sai da masu taswira suka auna sannan duniya ta yarda.

Za ka ce waɗannan ai farfesoshi ne, ni abinci nake nema. Gaskiyarka. To ga na kusa. Ka tuna lokacin allurar shan inna? Shekara da shekaru ana zagaye, cutar ta ƙi ƙarewa a Arewa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne taswirar da masu allura ke bi da hannu aka zana ta, akwai ƙananan ƙauyuka da rugage da ba sa cikinta sam. Yaran da ke can ba wanda ya taɓa zuwa wurinsu. Daga wajen 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan Adam ana fito da kowane matsuguni, ana tura matasa su je su tabbatar da sunansa, ana ba tawagar masu allura wayoyi masu nuna inda suka taka. A Kano kamfanin eHealth Africa ya yi da yawa daga cikin aikin. An ga mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Likitoci da masu allura da sarakuna sun yi nasu, amma akwai yaran da ke tafiya da ƙafafunsu yau saboda wani ya sa ƙauyensu a taswira.

Yanzu, ina ake ɗaukar mutane? Akwai Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Ƙidayar ƙarshe a 2006 aka yi ta, aka samu mutum wajen miliyan 140, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage. Kafin a ƙirga mutum ɗaya sai an yanka ƙananan hukumomi 774 gunduwa-gunduwa a taswira, wannan aikin 'yan jogirafi ne. Akwai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Akwai hukumomin filaye na zamani, AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, da ire-irensu a wasu jihohi. Akwai NEMA da hukumomin agajin gaggawa na jihohi. Wanda ya ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ya san darajar mutumin da zai iya cewa ga unguwannin da ruwa zai fara shiga, ga yawan mutanen cikinsu, ga tudun da za a kai su. Akwai ƙungiyoyin agaji, misali hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, tana da shirin bin diddigin 'yan gudun hijira a Arewa maso Gabas. Akwai kamfanonin waya da ke neman inda za su kafa turke, bankuna, kamfanonin rarraba kaya, da masu nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli da jama'a. In kana jin Faransanci, ga cibiyar AGRHYMET a Yamai, ga Hukumar Tafkin Chadi a Njamena. Sannan ga koyarwa, wadda sana'a ce mai mutunci, kada ka bari a raina maka ita.

To amma zan gaya maka ɓangaren da ba daɗi, don kada ka ce na yi maka romon baka. Digirin jogirafi shi kaɗai ba lasisi ba ne. Likita yana gamawa hukumarsu ta yi masa rajista, kowa ya san aikinsa. Kai ba haka ba ne. Ba za ka sa hannu a takardar awon fili ba sai kana da rajistar hukumar safiyo, SURCON. Ba za a kira ka mai tsara birane ba sai ka ƙara karatu a wannan fannin ka yi rajista da TOPREC. Koyarwa ma sai ka haɗa da takardar malanta da rajistar TRCN. Aikin gwamnati ba kullum ake ɗauka ba, ka sani, na sani. Aikin ƙungiyoyin agaji kuwa kwangila ce, wata shida, shekara ɗaya. Da Amurka ta yanke tallafinta a 2025, mutane da yawa rana ɗaya suka wayi gari a gida. Kuma a tallan aiki da wuya ka ga an rubuta ana neman ɗan jogirafi. Za ka ga ana neman jami'in GIS, jami'in bayanai, jami'in bibiya da auna ayyuka. Abin da hannunka ya iya ake saye.

Ni da kaina na sha wannan darasin. Bayan bautar ƙasa na je intabiyu a wani ofis. Na yi guga, na jera takardu a fayil. Sakamakona mai kyau ne, har da darasin GIS, domin na haddace ma'anarsa da rassansa na zuba a jarrabawa. Matar da ke jagorantar zaman ba ta ko buɗe fayil ɗin ba. Ta juyo mini da kwamfuta ta ce, "Ga jerin ƙauyuka, ga jerin asibitoci. Nuna mana ƙauyukan da suka fi kilomita 5 nesa da asibiti mafi kusa. Kana da minti ashirin." Jama'a, ga sanyin na'ura a ɗakin amma gumi nake. Ban san ma inda zan danna in shigar da jerin ba. Na yi godiya na fito. A mota ina komawa na yi ta ɗora laifi a kan makaranta, cewa kwamfutocin sashenmu ba sa aiki. Hakan gaskiya ne. Amma wanda aka ɗauka shi ma daga irin makarantarmu ya fito, a ɗakinsa ya koya. Abin da aka tambaye ni aikin minti goma ne ga wanda ya taɓa yi sau ɗaya.

Saboda haka ga abin da zan so ka yi, kai da kake da sauran shekara biyu a gaba.

Na ɗaya, ka sauke manhajar QGIS. Kyauta ce, ba a biyan ko sisi, kuma tana aiki a tsohuwar laftof. In ba ka da laftof, ku haɗu ku uku a kan ta abokinku. Akwai ArcGIS wadda manyan ofisoshi ke amfani da ita, ta kuɗi ce, amma wanda ya iya ɗaya ba ya shan wahalar ɗayar. Darussa suna nan birjik a YouTube.

Na biyu, ka koyi tattara bayanai da waya. KoboToolbox da ODK su ne ƙungiyoyi suka fi amfani da su. Ka tsara tambayoyi, ka cike ko ba intanet, wayar ta ɗauki lambar wurin, in ka samu sabis ka tura.

Na uku, kada ka guji lissafi. Na san da yawanmu mun shigo fannin nan ne muna murnar mun tsere masa. Darasin ƙididdiga da ake yi muku, wanda kowa ke neman ya tsallake da ƙyar, shi ne zai ciyar da kai. Ka iya Excel sosai tukuna. In ka ga da hali, ka taɓa R ko Python.

Na huɗu, ka iya rubutu da magana da mutane. A nan ne kake da abin da ɗan kimiyyar kwamfuta ba shi da shi. Hoton sama zai nuna maka rijiyar burtsatse, amma ba zai gaya maka ta lalace shekara uku ba, ko kuma mutanen wancan ɓangaren ba sa ɗiba saboda rikicin fili. Sai ka je ka zauna a tabarma, ka gaisa, ka saurara. Hausar da ka tashi da ita jari ce. In kana jin Fulatanci ko Barbarci, jarin ya ninku. Ƙannena mata, ku kuma kuna da wata dama ta daban. Gidajenmu da yawa namiji ba ya shiga, duk binciken da ya shafi haihuwa, abincin yara ko ruwan gida ba ya yiwuwa sai da mace.

Na biyar, aikin bincikenka na ajin ƙarshe ka ɗauke shi a matsayin takardar neman aikinka ta farko. Kada ka kwafo na wani ka sauya sunan gari. Ka zaɓi matsala ƙarama wadda ƙafarka za ta iya kewayewa: nisan makarantun firamare daga gidaje a mazaɓarku, inda ake zubar da shara da inda magudanar ruwa ke toshewa, ko yadda gidaje suka cinye burtali a gefen garinku cikin shekara ashirin, wanda tsofaffin hotunan Google Earth za su nuna maka. Lokacin zuwa koyon aiki kuma ka nemi wurin da za a ba ka abin yi, ko da ba a biya, ya fi inda za ka yi wata shida kana sayo wa oga abinci. Burinka ka fita da taswira uku da ka yi da hannunka, kowace da bayanin shafi ɗaya.

Sai gargaɗi guda biyu. Yanayin tsaro ya sauya. Baƙo yana yawo da waya yana ɗaukar lambar wurare, ana iya yi masa mummunar fahimta. Ka karɓi wasiƙa daga sashenku, ka fara da mai unguwa ko dagaci, ka nemi ɗan gari ya raka ka, inda aka ce kada ka je kada ka je. Na biyun ya fi nauyi. Layin da za ka ja a kwamfuta cikin daƙiƙa biyu yana iya bi ta tsakiyar gidan wani. Ka tambayi Gwarawan da aka tasa daga ƙauyukansu saboda Abuja, har yau maganar diyya ba ta mutu ba. Wata rana za a zo maka da ambulan a ce ka ɗan matsar da iyakar fili, ko ka ƙara wa wani ƙauye mutane a takarda. Aikin amana ne, ka shirya amsarka tun kafin ranar ta zo.

To ka bari ko kada ka bari? Ba zan yanke maka ba. In har zuciyarka tana kan likitanci, makinka na baya ya yi kusa, gida kuma za su iya ɗaukar ƙarin shekaru, ba laifi ba ne mutum ya bi abin da yake so. Amma kada ka bari don kawai an ce ba aiki, domin wanda ya faɗa maka haka bai san inda aikin yake ba. Ga gwaji mai sauƙi. Hutun nan mai zuwa ka ware mako uku. Ka zagaya mazaɓarku da izinin mai unguwa, ka ɗauki duk wurin da ake samun ruwan sha, mai aiki da matacce, da kuɗin jarka a kowane wuri. Ka ɗora a QGIS, ka fito da unguwannin da suka fi nisa da ruwa. In ka yi mako ukun nan kana jin kamar an ɗora maka dutse, to ka samu amsa, ka nemi wata hanya tun da wuri. In kuwa ka ga dare yana yi maka ba ka sani ba, ita ma amsa ce.

Ka buga taswirar a takarda babba, ka kai wa Baba. Ka nuna masa gidanku a ciki, ka nuna masa masallacinsu, ka nuna masa inda 'yan garuwa ke tsawwala kuɗi da dalilin hakan. Sannan ka ce masa, "Baba, ban san sunan da za a kira ni da shi ba tukuna, amma irin wannan aikin zan riƙa yi, kuma akwai masu biya a yi musu." Dattawanmu in suka ga abu a hannu suna ganewa.

Nan za mu tsaya a yau. Waɗanda suka karanta jogirafi suna aiki, don Allah ku faɗa mana a ƙasa inda kuke da yadda kuka shiga, ƙannenmu su amfana. Ƙanena mai saƙo, in ka gama taswirar ka turo mana mu gani. Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a karatun kowa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.